Abin da ke ƙarƙashin fenti: shaidar maƙerin jirgin faiba a bakin Kwara

Duk masuncin da ya zo sayen jirgi, kafin ya tambayi kuɗi sai ya ƙwanƙwasa gefen jirgin da bayan yatsa ya kasa kunne. Haka ya ga ubansa yana yi wa jirgin katako, kuma a katako kunne ba ya ruɗin mutum, don ruɓaɓɓen itace da lafiyayye ba amonsu ɗaya ba. A jirgin faiba kuwa, wanda ake ƙerawa da zaren gilas da wani ruwa mai daskarewa, wannan ƙwanƙwasar ba ta isa ba. Jirgi biyu za su fito daga mazubi ɗaya, launi ɗaya, sheƙi ɗaya, wani ya ga jikokin mai shi, wani kuma ya tsage a damina ta biyu. Bambancinsu yana ƙarƙashin fenti, inda mai saye ba ya gani. Ni da wannan sana'a ta cinye mini ƙuruciya har furfura ta fito, shaidar da zan bayar a kan abin da ke ƙarƙashin fentin nan ce.

Gidanmu kafintocin jirgi ne a yankin Yauri. Da maɗaci da kawo aka san mu, daga baya da katakon da ake kawowa daga kudu. Manyan itatuwan da ake samun dogon falanki a jikinsu sun yi ƙaranci, wanda ake samu kuma sau da yawa ɗanye ne, ana buga masa ƙusa yana ja da baya. Kowa a bakin ruwa ya san yaron da ake zaunarwa a tsakiyar jirgi da ƙwarya ko yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwa tun daga tashi har dawowa. Faiba ba ta ruɓa, gara ba ta cin ta, ba ta da layin haɗi da ruwa zai bi, kuma ba ta shan ruwa ta yi nauyi, saboda haka inji yana shan mai kaɗan. Waɗannan duka gaskiya ne. Tana da nata aibin babba guda ɗaya, zan zo kansa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ruwan faiba, wanda a shago ake ce wa rezin, mai kauri kamar zuma, mai warin da ke hawa kai. Akwai hadina, wani farin ruwa da ake ɗiga masa kaɗan ya sa shi ya daskare. Akwai zaren gilas iri biyu: mat, wanda gajerun zare ne a warwatse da aka manne kamar bargo, da robin, wanda saƙa ce kamar tabarma. Sai jelkot, fatar waje mai launi. Ana auna mat da nauyinsa a murabba'in mita: akwai mai giram 300, mai 450, mai 600. Robin ɗin da aka fi samu mai 600 ne ko 800. Ƙarfin jirgi daga zaren gilas yake fitowa, aikin rezin shi ne ya riƙe zaren wuri ɗaya ya hana ruwa shiga. Wanda bai fahimci wannan ba shi ne yake labta rezin yana murna wai ya yi jirgi mai kauri, alhali rezin da babu zare a cikinsa kamar alewa yake, ana bugunsa yake farfashewa.

Rezin yana da wa'adi. A wuri mai sanyi yakan yi kamar wata shida, a zafinmu bai kai haka ba. Durom da ya kwana biyu a rana za ka buɗe ka ga ya yi gudaji ko ya yi kauri yana ja kamar kuka. Wasu sai su zuba masa tina don ya saki. Kada a yi. Tina ba ta haɗuwa da shi, fita take yi ta bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ruwa kuwa yana ganinsu. Kafin a taɓa sabon durom, a ɗebi giram 100 a gwangwani, a ɗiga hadina mililita ɗaya da rabi, a duba agogo. In ya fara kamawa tsakanin minti 15 zuwa 25, kuma washegari ya yi tauri har farce ba ya shiga, to mai kyau ne.

Kafin jirgi akwai mazubi, kafin mazubi kuma akwai uwar jirgi. Uwa ita ce siffar jirgin da ake so, a sassaƙa ta da katako da filawud a kife, a shafe ta da foti irin na masu gyaran jikin mota, a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har ta zama kamar madubi. A nan ne ilimin tsohon kafinta yake da amfani, domin faiba ba ta san ruwa ba, siffar da aka ba ta take ɗauka. Jirgin masu jefa birgi a gaɓa yana son shimfiɗaɗɗen ciki don mutum ya tsaya a tsaye. Jirgin da zai ratsa tsakiyar tafkin Kainji, inda iska ke tayar da igiyar ruwa da yamma, yana son hanci mai tsayi da gefe mai buɗewa waje don ya watsar da ruwa. Doka ɗaya ce ba a ƙetare ta: dole jirgin ya riƙa faɗi daga ƙasa zuwa sama. In akwai inda ya lanƙwaso ciki, zai kulle a mazubi, sai dai a fasa ɗaya daga cikinsu. Kuma duk wani ƙarce da aka bari a jikin uwa, ko na tsinin allura ne, zai fito a mazubi, ya fito a kowane jirgi da mazubin zai haifa.

Mazubi a kan uwa ake gina shi, da kaurin da ya ninka na jirgi, milimita 8 zuwa 10. Ana ba shi jelkot baƙi ko mai duhu, don idan ana shafa farin jelkot na jirgi a ga inda bai rufu ba. Ba a gaggawa da shi. Shimfiɗa ɗaya a rana a farkon aiki, don zafin daskarewa kada ya murɗe shi. A ƙarshe a yi masa keji na bututun ƙarfe ko katako a waje, har da ƙafafun da za a iya karkata shi gefe da gefe, saboda hannu ya kai ko'ina ba tare da an taka cikinsa ba.

Sabon mazubi ana shafa masa kakin saki, mai hana jirgi mannewa a jikinsa, sau 5 ko 6, kowace shafa a bar ta ta sha iska a goge da tsumma mai laushi kafin ta gaba. A jiragen farko ana ƙara wani ruwa shuɗi ko kore da ke bushewa ya zama siririyar fata mai narkewa a ruwa. Aiki ne mai gundura, yini guda mutum yana guga ba ya ganin abin da ya yi, shi ya sa almajiran sana'a suke tsallake lungu, musamman can cikin hanci da kusurwar baya. Kuma daidai nan ne jirgi yake mannewa.

Jelkot ana shafa shi da buroshi mai laushi, kaurin rabin milimita, wato kimanin giram 600 a murabba'in mita. Hadinarsa kashi 2 cikin 100. In ya yi siriri, ko aka ɗora mat kafin ya kama, rezin zai ci shi ya yi tamoji. In ya yi kauri, zai tsattsage kamar tsohon kwano da zarar jirgi ya ɗan lanƙwasa. Gwajinsa da yatsa ne: ka taɓa, ka ji yana ɗan danƙo amma launi bai biyo yatsanka ba. A gwada a can ƙasan mazubi, ba a baki ba, domin tururin rezin ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya ya hana wurin kamawa. Karkata mazubin ko kunna fanka a hankali yana kore shi.

Bari in ba da lissafin jirgi mai tsawon mita 6, faɗin mita ɗaya da ɗan kai, irin na mutum uku ko huɗu da komarsu. Fatar jikinsa kimanin murabba'in mita 12 ce. Jelkot kilo 7. Shimfiɗa ta farko mat mai 300, ta biyu mat mai 450, ta uku robin mai 600, sai mat mai 450 sau biyu. Mat ɗin gaba ɗaya kilo 20, robin kilo 7. Mat yana shan rezin ninki biyu da rabi na nauyinsa, wato kilo 50, robin kuma yana shan kusan daidai nauyinsa, a ce kilo 8. Wannan zai ba da kaurin kusan milimita 5. A ƙasan jirgi, inda yake gugar yashi da dutse, a ƙara mat mai 450 guda ɗaya. Da haƙarƙari da kujeru da allon inji, jirgin zai tashi kusan kilo 150. Duk wanda ya ce zai yi maka jirgi mai wannan girma da rabin waɗannan kaya, ba dabara ya gano ba, shimfiɗa ya rage.

Ba a ɗora robin kai tsaye a kan jelkot, saƙarsa za ta bayyana a waje. Ba a kuma ɗora robin a kan robin sai da mat a tsakani, in ba haka ba za su rabu kamar ɓawon albasa.

Shimfiɗar farko ita ce ran jirgin, kuma ita ce ba na barin kowa ya yi ta sai wanda hannunsa ya faɗa. Rezin ake fara shafawa a kan jelkot, sannan a kwantar da mat a kai, don rezin ya ɓullo daga ƙasa ya koro iska sama. In aka kwantar da busasshen mat aka zuba rezin a bisa, iska ta shiga tarko. Da buroshi dangwalawa ake yi, ba ja ba, ja yana tattara zare wuri ɗaya. A dakata kamar minti ɗaya mat ya jiƙa ya saki, sannan a bi shi da rola ta ƙarfe mai tsaga-tsaga. Za ka ji ƙananan ƙwayoyin iska suna fashewa a ƙarƙashin rolar, ka ga farin mat yana komawa garau har launin jelkot ya bayyana ta cikinsa. Duk inda ya rage fari, busasshe ne. Duk inda ya yi ƙyalli kamar tafki, rezin ya yi yawa, a janye shi gaba. A kusurwa mai kaifi mat ba ya kwanciya, yana yin gada ya bar rami a ƙarƙashi, ramin da wata rana gwiwar masunci ko bakin dutse zai fasa. Maganinsa a cike kusurwar da kwaɓin rezin da yankakken zare, a zagaye ta da bayan cokali kafin a shimfiɗa. Bakin mat kuma yage shi ake yi da hannu maimakon almakashi, don ya narke cikin na kusa da shi. Kowane haɗi ya hau ɗan'uwansa da santimita 5, kuma haɗin wannan shimfiɗa kada ya faɗa kan haɗin waccan. A tsakiyar ƙasa, mat ɗin dama ya ƙetara hagu, na hagu ya ƙetara dama, sai kashin bayan jirgin ya samu kauri ninki biyu ba tare da ƙarin aiki ba.

Yanzu hadina, wadda ta fi komai lalata aiki a ƙasar nan. Ba a auna ta da ido ko da murfin kwalba, sirinji ake sa wa. Ga kilo ɗaya na rezin: mililita 10 a zafin bazara, 15 a matsakaicin yanayi, 20 a sanyin hunturu. Kada ta gaza kashi 1 cikin 100, don jirgin ba zai taɓa nuna ba, zai zauna da laushi yana wari har ƙarshen ransa. Kada kuma ta wuce kashi 3, don zai yi zafi ya ƙone ya yi gautsi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kai maki 40, rezin da takarda ta ce zai ba ka minti 20 ba zai ba ka 10 ba. Shi ya sa a bazara daga sallar asuba ake farawa, ƙarfe goma an wanke hannu. A kwaɓa kilo ɗaya ɗaya, a faffaɗan kwano ba dogon gwangwani ba, domin rezin da ya taru wuri ɗaya yana dafa kansa. Ragowar da aka bari a bokiti takan yi zafi har ta yi hayaƙi ta tsage, tana iya kama wuta, don haka a fitar da ita waje a zuba mata ruwa. Saboda wannan zafin ne ma ba a ɗora fiye da shimfiɗa biyu ko uku a zama ɗaya.

Hunturu nasa matsalar daban. Da safe in sanyi ya sauka ƙasa da maki 15, rezin ba ya nuna yadda ya kamata, a jira rana ta ɗaga. Ga ƙura, wadda in ta kwanta tsakanin shimfiɗa biyu ta raba su ke nan. A damina kuma laima ce abokiyar gaba. Mat da ya sha laima ba ya jiƙuwa da rezin, zai fito fari-fari kamar an zuba madara, kuma ba shi da ƙarfi. A ajiye shi a cikin ledarsa, a kan katako, nesa da ƙasa.

Akwai wani ruwa mai launin shuni da ake ce wa kobal, mai hanzarta daskarewa. Yawancin rezin da ake sayarwa an riga an sa masa. In an sayo shi daban, a juya shi cikin rezin sosai tukuna, sannan hadina ta biyo baya. Kobal da hadina in suka haɗu kai tsaye wuta ce da fashewa nan take. Ko a kanta ɗaya ba a ajiye su.

Fatar milimita 5 ita kaɗai lanƙwasa take yi kamar faranti. Abin da ke tsayar da ita haƙarƙari ne, kuma ana sa su tun jirgin yana cikin mazubi, don kada ya fito ya murɗe. A tsaga bututun roba na ruwa gida biyu, a kife rabin a inda ake so, a rufe shi da mat shimfiɗa uku, kowace ta fi ta ƙarƙashinta faɗi. Bututun ba shi ne ƙarfin ba, siffar tudun da faiba ta ɗauka ita ce ƙarfin. Biyu a tsaye daga hanci zuwa baya, sauran a gicciye, tazarar santimita 50 zuwa 60. Ƙarshen kowane haƙarƙari a kwantar da shi a hankali ya ɓace cikin fata. In ya tsaya cak, daidai bakinsa fata za ta riƙa lanƙwasa har ta tsage. Kuma duk abin da za a manna a kan faibar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu da daskarewa, sai an goge wurin da samfefa mai kaushi an share da asiton, wani ruwa mai saurin bushewa da ke wanke maiƙo da datti. In ba haka ba kujera za ta zauna daram a ido, ranar da aka yi karo ta ɓalle gaba ɗaya.

Allon baya, inda inji ke rataya, filawud ne mai jure ruwa, milimita 18 guda biyu a manne, a lulluɓe ciki da waje. Tsayinsa ya danganta da injin: santimita 38 ga mai gajeriyar ƙafa, 51 ga mai doguwa. A tambayi mai jirgi wane inji gare shi kafin a yanka. Kowane rami da aka huda a allon nan a shafe cikinsa da rezin, domin ta ramin ƙusa ruwa ke shiga, filawud ya ruɓe a ɓoye, faiba tana waje tana sheƙi, sai ranar da aka ja mai da ƙarfi allon ya tafi da injin. A baki kuma a ɗaura katako da noti don gugar jirgi da jirgi a mashaya, a ƙasa a sa siririn ƙarfe, don masunta jan jirgi suke yi a kan yashi safe da yamma, yashi kuwa samfefa ne. Cikin jirgin a shafe shi da jelkot da aka sa wa ɗan kaki, in babu kakin zai zauna da danƙo. A barbaɗa yashi mai laushi a inda ake tsayawa, saboda jiƙaƙƙiyar faiba da majinar tarwaɗa santsinsu ba wasa ba ne.

Jirgi ya kwana aƙalla ɗaya a mazubi bayan aikin ƙarshe. Fitar da shi da ƙananan katako masu tsini ake yi, ba ƙarfe ba, a zagaya baki a hankali, a zuba ruwa a tsakani. Za ka ji yana ƙara ƙas, ƙas, sai ya saki gaba ɗaya ya taso. A ajiye shi a inuwa a kan madaidaicin wuri mako ɗaya zuwa biyu kafin ya taɓa ruwa. Mai jirgi zai matsa, zai ce kifi na wucewa. A ba shi haƙuri.

To ga aibin da na ce zan zo kansa. Dattawan Sarkawa, waɗanda suka san ruwa fiye da kowa, tambaya ɗaya suke yi idan sun gama zagaya jirgin: "Ɗana, in ya kife, zai riƙe ni?" Tambayar tana kan hanya. Jirgin katako in ya cika da ruwa yakan tsaya a saman ruwa, mutane su rirriƙe shi har taimako ya zo. Faiba ta fi ruwa nauyi sau ɗaya da rabi. Jirgin faiba da ba a sa masa abin da zai ɗaga shi ba, in ya cika, ƙasa zai tafi kamar dutse, ya bar mutane da hannu wofi a tsakiyar tafki. Amsar gaskiya ga dattijon nan ita ce: "Baba, zai riƙe ka in wanda ya ƙera shi ya ji tsoron Allah."

Lissafin ba wuya. Jirgi mai kilo 150 a tudu, a cikin ruwa nauyinsa kashi ɗaya cikin uku ne, kilo 50. Inji mai doki 15 yana kusan kilo 40, a ruwa a ce 30. Koma da anga da tarkace, 20. Mutum huɗu da ke cikin ruwa suna riƙe da baki, kowanne a ba shi 10. Jimla 140. Kowace lita ta iska tana ɗaga kilo ɗaya, saboda haka lita 140 ce iyakar ƙasa, ni kuwa ba na sa ƙasa da 200. Wannan jarka 8 ke nan masu lita 25, ko gorunan ruwa masu lita ɗaya da rabi kimanin 135, kowace da murfinta a ɗaure tam. Wanda ya samu kumfar da ake kwaɓa ruwa biyu ta kumbura ta daskare, ita ma tana yi. Farin soson nan da ake nannaɗe talabijin da firji kuwa, rezin yana narkar da shi kamar sukari a shayi, sai an naɗe shi da leda sosai kafin faiba ta taɓa shi. Akwatin iska zalla, wanda ba komai a cikinsa, ban yarda da shi ba. Tsaga ɗaya ta isa ta cika shi, kuma karon da ya fasa jirgi shi ne zai fasa akwatin.

Inda aka sa su ma magana ce. In aka tara su duka a ƙasan jirgi, da ya cika zai juya ciki sama, bayan jirgin faiba kuwa ba wurin kamawa. A raba su: cikin hanci, ƙarƙashin kujeru ta gefe-gefe kuma sama-sama, kaso mafi yawa a baya inda nauyin inji yake. A ɗaura igiya a zagaye jirgin ta waje, tana ɗan lilo, don hannu ya samu abin kamawa.

Wannan duka ba ya bayyana a ido. Kujera rufaffiya da goruna a ciki da kujera rufaffiya wofi kamarsu ɗaya. Nan ne mai son riba yake cin amanar mutane, nan da rage shimfiɗa, da zuba farar hoda a rezin don ya yi auki. Abin yana ci mini rai, domin wanda aka cuta ba zai sani ba sai ranar da sanin ba zai amfane shi ba. Ruwan nan namu ba ya bukatar a ƙara masa makami. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a tsaye a ƙarƙashi, in ruwa ya ja baya suna dab da sama. Ga dorina, ga iskar farkon damina da ke tasowa ba sallama. Kuma kada wani ya ɗauka faiba maganin lodi ce. Mutanen yankin nan ba su manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgin katako ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Jirgin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, ko da me aka ƙera shi, ruwa zai hau shi. A rubuta adadin mutane a jikin jirgi da fenti, kuma rigar kariya mai hana nutsewa tana da wurinta ko a jirgin da ya fi kowanne kyau.

Mai saye yana da hanyoyin kare kansa. Ya zo ya ga jirginsa tun yana mazubi, kafin a shafe ciki, ya ƙirga shimfiɗa da idonsa, ya ga gorunan kafin a rufe kujeru. Da dare a haska tocila ta waje shi yana kallo ta ciki: inda haske ya fi ratsowa nan ne siriri, fararen tabo kuma busasshen mat ne ko iska. Ya bi jikin da gefen kwabo yana bugawa a hankali, lafiyayyen wuri yana amsawa da kaifi, inda shimfiɗa ta rabu kuwa amon a mace yake. Ya danna ƙasan jirgin da diddige, kada ya lotsa. Ya nemi a ba shi ɗan guntun da aka yanke daga baki ya auna kaurinsa.

Gyara ba shi da wuya, kuma kowane masunci zai iya koya. In kututture ya huda jirgi, a fitar da shi a wanke, a bar shi a rana kwana biyu ko uku ya bushe ƙarau, don faiba ba ta kama jiƙaƙƙen wuri. A yanke duk inda ya farfashe har a kai lafiyayyen nama. A goge bakin ramin a kwance, faɗin gangaren ya ninka kaurin fata sau 12, wato ga milimita 5 a goge santimita 6 ko'ina. A tare bayan ramin da kwali mai leda, a share da asiton, a ɗora mat shimfiɗa-shimfiɗa har ya cika, a ƙara biyu ta ciki masu faɗi. Facin da aka manna a kan fenti ba guga, da hannu ma ana ɓare shi.

Jikin ma'aikaci shi ma yana biyan kuɗin sana'ar nan. A yi aiki a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, don warin rezin yana sa jiri da ciwon kai. Wajen guga a sa abin rufe hanci na gaske da tabarau da riga mai dogon hannu, ƙurar gilas ce, huhu ba ya narkar da ita. In ta hau fata a fara wankewa da ruwan sanyi, ba a sosawa. Hadina ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum, saboda haka bokitin ruwa mai tsabta ya zauna kusa da mai awo kullum, in ta faru a yi ta wanke idon minti 15 ba tsayawa, sannan a nufi asibiti. Ba sigari, ba murhun mai shayi kusa da rumfa.

Ranar miƙa jirgi, ba a mashaya ake biki a tafi ba. A kai shi inda ruwa ya kai ƙirji, a cire injin a ɗaura buhun yashi mai nauyinsa a allon baya, a sa mai jirgin da 'ya'yansa su yi ta zuba ruwa da bokiti har ya cika ya tumbatsa. Jirgin zai nutsa har bakinsa ya kusa daidai da ruwa, sannan ya tsaya, a kwance, bai karkata ba, bayansa bai lume ba. Mutum huɗu su rataya a igiyar gefe su ɗaga ƙafafunsu daga ƙasa. In baya ya lume, a mayar da shi rumfa a ƙara jarka biyu a ƙarƙashin kujerar baya, a sake gwadawa.